Shekarar da Na Ƙi Sa wa Hoton Mamanku Fensir

Binta, wannan babin naki ne, amma 'yan'uwanki ma su karanta. Ranar da kika zo daga Ketu da yara bayan ƙaramar Sallah, kin tsaya gaban hoton marigayiya mamanku da ke bangon falo, kika ɗauke shi da wayarki, kika yi 'yan danne-danne, sai ga wata mata ta fito a fuskar wayar, fata sumul, ido tar. Kika miƙo min kina murna, wai kin gyara. Na ce wannan ba matata ba ce. Sai kika ce, ba da ƙarfi ba, amma na ji:

"Ai dama kai ka fara ɓoye ta, Baba. Da gangan ka sa hoton ya yi dishi-dishi don kada a ga fuskarta."

Kun san halina, in raina ya ɓaci harshena ɗaurewa yake yi, sai dai in shige ɗaki in yi ta jan tsaki ni kaɗai. Maganar ta yi min ciwo ƙwarai. Tun da muka binne Rabi ba a gaya min abin da ya kai ta zafi ba. Da na huce sai na ga ba laifinki ba ne. Kina ƙarama a waccan shekarar, kin ga abin da kika gani daga bakin ƙofa, kuma babu wanda ya taɓa zaunar da ke ya yi miki bayani. To ga bayanin, tun ina da sauran hankalina.

Sai na fara da idon kyamarar da ya ɗauki hoton, don in ba ki san shi ba ba za ki gane sauran ba. A nan Agege aka haife ni, kamar yadda aka haifi babana, kuma aikin hoto a Ebute Metta na koye shi, wajen wani dattijo Bayarabe da muke kira Oga Lasisi. Yana da babbar kyamarar katako mai ƙafa uku, cikinta na miƙewa yana naɗewa kamar zugazugin maƙera. Mai ɗauka yakan lulluɓe kansa da baƙin ƙyalle ya duba gilashin baya, inda mutum ke bayyana kansa a ƙasa, ƙafarsa a sama. Fim ɗinta falle-falle ne, kowane ya kai faɗin tafin hannu biyu, kowane falle hoto ɗaya tak. Cikin idanun da ake ɗaura mata akwai wani tsoho na tagulla, mai nauyi kamar taɓarya guntuwa, wanda Oga ya ce ya girmi ubansa. Ba shi da abin dannawa ma. Murfi ake cirewa da hannu, a ɗan jira, a mayar. Mu masu koyo muka sa masa suna Mai-hawaye, saboda yadda yake gani ya yi kama da yadda mutum ke ganin fitila in idonsa ya ciko. Mun raina shi, mun ɗauka lalacewa ya yi. Wata rana Oga ya ji ina faɗin haka, ya kama ni da kunne ya tura kaina ƙarƙashin ƙyallen.

"Duba da kyau, ɗan Hausa. Gashin girarta ya ɓace?"

"Yana nan, Oga."

"Ɗigon da ke gefen hancinta fa?"

"Yana nan."

"To wannan ba hoton da hannu ya girgiza ba ne. Komai na wurinsa, haske ne kawai ya zauna a kai. Yanzu juya zoben."

A wuyan idon akwai zobe. In ka buɗe shi gaba ɗaya, haske ya malale fuska har ta zama kamar a mafarki. In ka tsuke shi, laushin ya janye kaɗan-kaɗan, har ya koma yana ƙirga ramukan fata kamar kowane sabon ido. Tsakanin nan da can akwai wurare da yawa, kuma duk inda ka tsayar da zoben sai ka sake saita kaifin a daidai wurin, don yana gusawa. Aiki ne na haƙuri. Da Oga ya tsufa ya rufe shago, 'ya'yansa ba wanda ya kula da katako da tagulla, sai ya ba ni kyamarar da idon. Na ɗauko su a danfo, motar hayar nan, na rungume akwatin a cinya tun daga tashar Oyingbo har Agege, kwandasta na ta masifa wai na cinye wurin mutum biyu.

A shekarar da nake ba ki labari, hoto mai kala ya gama cinye kasuwa. Shagona na kusa da layin dogo, ina ɗaukar fasfo da biki da suna da ƙaramar kyamara kamar kowa. Babbar tana lungu a lulluɓe, sai in wani tsohon ɗan kasuwar goro ya ce shi irin na da yake so. Fim ɗinta ma sai na je cikin Eko nake samu, in ajiye a firjin mai sayar da lemo da ke maƙwabtaka da ni. Abin da ya fi kawo min mutane shi ne fensir. Ina da hannu a kansa, ba yabon kai ba. Akan ɗora dodon hoto, wato fim ɗin da aka wanke wanda baƙi ke fita fari, a kan gilashi mai haske, a bi shi da tsinin fensir a cike duk wani ƙurji da tabo. Amaren Agege da yawa sun fita daga hannuna da fuskar da iyayensu ba su haifa ba.

Wutar kuwa kin san ta, ko da yake ba a son zancenta a gidan nan. Da safe ne, Rabi na ƙara wa risho kananzir za ta dafa muku shayi, abin ya tashi da ita. Allah ya sa maƙwabciyarmu Iya Sikira na tsakar gida, ta lulluɓe ta da zanen da ke jikinta. Ido ya tsira, hanci ya tsira, amma daga kunnen hagu zuwa haɓa, har gangarowa wuya, wuta ta ci. Mun yi watanni muna zarya asibitin Idi-Araba. Da ciwon ya warke sai ya bar tabo mai sheƙi, ya ɗan ja gefen bakinta ƙasa. Matar da in ana biki a unguwa muryarta ake fara ji, matar da ke ciniki da Yarabanci har masu kifi su ce ta fi su baki, ta koma ba ta leƙa ƙofar gida. Ta juya madubin ɗaki ya kalli bango. Ko a cikin ɗaki gyalenta na ja ta gefen hagu, kuma ta koyi zama ta yadda kowa zai kasance a damanta.

Mahaifiyarta, Inna, tana Funtuwa, ƙafa ta riga ta hana ta doguwar tafiya. An gaya mata an yi gobara amma kaɗan ce. Sallah ta zo ta wuce Rabi ba ta je ba, wata ta sake zuwa ta wuce. Lokacin waya ba ta kai hannun irinmu ba, saƙo a kaset ake yi. Kawunku Lawal, ƙanin Rabi, yana tuƙa babbar motar tumatir zuwa kasuwar Mile 12, shi ke kai kaset ya kawo kaset. Wata rana ya kawo wani, muka sa a rediyo bayan la'asar. Inna ta gaishe da kowa da sunansa, ta tambayi makarantarku, sannan muryarta ta sauya.

"Rabi, an ce min kaɗan ne. In kaɗan ne, me ya hana ki zuwa? Ni ba yarinya ba ce. Mijin naki mai hoto ne, ki ce ina gaishe shi, ya ɗauke ki a aiko min in gani da idona tun ina gani."

Rabi ta kashe rediyon. Ta juyo min da gefen damanta.

"Malam, za ka ɗauke ni. Amma ka sa fensir ɗinka ka share shi duka. Kada ka bar ko ɗigo."

"Zan ɗauke ki. Ba zan share ba."

"Me ka ce?"

"Na ce ba zan share ba, Rabi."

"Ka share wa matan mutane ƙuraje shekara da shekaru, ni ce ba za ka yi wa ba?"

Na yi ƙoƙarin gaya mata dalilina, amma ni ba gwanin magana ba ne, ita kuma ba ta cikin halin saurare. Ga dalilin, Binta, ki auna shi da kanki. Amaryar da na share wa ƙurji, bayan wata guda ƙurjin ya tafi, ta kamo hotonta. Tabon mamanku ba inda za shi. In na aika wa Inna fuska sumul, Inna za ta yi hamdala ta nuna wa duk matan gidan, ta ce ashe ƙarya ake yi, ga 'yata lafiya lau. Daga ranar Rabi ba ta isa ta taka Funtuwa ba, domin fuskarta za ta ƙaryata hotonta a gaban kowa. Da hannuna zan rufe mata hanyar gidan uwarta. Akwai kuma wani dalili da ban iya faɗa mata ba a lokacin. In na zauna da fensir ina cire wannan gefen na fuskarta, na yarda ke nan da abin da take gaya wa kanta, cewa abin ƙyama ne. Ni kuwa ban taɓa ganinsa haka ba, ko sau ɗaya.

Abin da ya biyo baya shi ne abin da kika gani. Ta daina yi min magana, in ban da gaisuwar safe da ita ma a taƙaice. Abinci ke take ba wa ki kawo min, ba ta zama kusa in ina ci. Ni ma zuciya ta ɗebe ni, na koma cin amala a rumfar mai abinci kusa da tasha, in daɗe a shago ba aikin komai. Iya Sikira ta tare ni a bakin famfo ta wanke ni tas, ta ce wane irin taurin kai ne wannan, mace ta sha wuta ka hana ta ɗan abin da zai sanyaya mata rai. Abokaina a masallaci suka ce in yi mata mana, ai hoto ne kawai. Rabi ta ce za ta je wajen wani mai hoton a Oshodi, na ce Allah ya kiyaye hanya, alhali na san ba za ta iya buɗe fuskarta gaban baƙo ba. Wannan maganar ta yi tsauri, na sani. Rani ya ƙare muna haka, ruwa ya fara sauka. Lawal ya zo ya koma, ya zo ya koma, hannu wofi, kullum da ƙaryar da zai yi wa Inna. Ina kwana ina tashi da tsoron kada tsohuwar nan ta tafi ba ta ga hoto ba, ba ta ga 'ya ba, ya zama ni ne sanadi.

Sai wani zuwa da Lawal ya yi bai kawo kaset ba. Ya zauna a bakin ƙofa yana juya hularsa a hannu.

"Yaya, Inna fa ta rage cin abinci. Ƙafafun sun kumbura. Ta ce in gaya miki ta daina tambaya."

Washegari Lahadi ce, gari shiru, an yi ruwa da asuba. Ina shago ina goge gilashi sai na ga inuwa a ƙofa. Rabi ce, ita kaɗai, gyale har hanci. Rabonta da taka titin nan da rana tun kafin wutar. Ba ta yi sallama da fara'a ba, ba ta zauna ba.

"Ga ni. Ka yi yadda kake so, tunda kai ba a juya ka."

Na ce ba yadda nake so za a yi ba. Na jawo babbar kyamara daga lungu, na kakkaɓe ta, na ɗaura mata Mai-hawaye, na buɗe ƙofar shago sosai don hasken bayan ruwa ya shigo, irin farin hasken nan marar zafi. Sannan na je na zauna a kujerar masu ɗaukar hoto, na ce mata ta shiga ƙarƙashin ƙyallen. Ta dube ni kamar na taɓu. Shekarunmu tare ba ta taɓa leƙa ciki ba. Ta dai sa kai. Can sai na ji wani sauti da na manta da shi, dariya ce take ƙoƙarin dannewa.

"Malam, ai a kife kake. Gemunka na sama."

"Haka kowa yake a ciki. Kina ganin ramukan aganar da ke kumatuna?"

"Ina gani. Ashe suna da yawa haka."

"To miƙo hannu gaba, akwai zobe a wuyan tagullar. Juya shi a hankali."

Ta juya. Ta ce na zama kamar aljani a cikin hayaƙi. Na ce ta koma baya. Ta ce yanzu kuma na fi muni. Muka yi ta yi, tana juyawa, ina tasowa in gyara mata kaifin in koma in zauna. Daga baya ta daina ba'a. Na ga hannunta na tafiya kaɗan-kaɗan a kan zoben, ya je ya dawo, har ya tsaya.

"A nan," in ji ta daga cikin ƙyallen. "A nan kai ne, ramukan suna nan, amma ba su ne ake fara gani ba."

Na ce to kada ta taɓa, a nan za a bar shi. Muka yi musanyar wuri. Akwai dabarar da kowane mai hoto ya sani, a juya mutum a ba wa inuwa gefen da ba a so. Ina shirin tambayarta ta wane gefe take so ta zauna, sai na ga ta kalli idon kyamara kai tsaye, ta sa hannu ta zame gyalen zuwa kafaɗa. Na shiga ƙarƙashin ƙyallen. Rabon da in ga fuskarta duka a cikin haske, ba ta kauda kai ba, na manta. Ga ta a kife a kan gilashi, tabon na nan daga kunne zuwa haɓa, haske ya kwanta a kansa kamar yadda ya kwanta a goshinta. Na saita kaifin a kan ƙwayar idonta na hagu, na gefen ƙunar. Na daɗe a ciki fiye da yadda aikin ke buƙata, domin idona ya cika kuma ba na son ta gani.

"Ka mutu ne a ciki?"

"Ki riƙe numfashi. Kada ki motsa."

Na zura fim, na cire murfi, na mayar. Falle ɗaya na ɗauka. Da na wanke shi na buga a takarda, fensir na cikin gwangwaninsa ban taɓa shi ba. Na buga biyu, ɗaya na Inna, ɗaya shi ne na bangon falo. Rabi ta riƙe nata a bakin ƙofa ta daɗe tana kallo, ta kai yatsa kan tabon da ke takarda, sannan ta kai kan na fuskarta. Ba ta ce ya yi kyau ba, ba ta ce na gode ba. Ta ce in sa na Inna a ambulan kafin Lawal ya gama sauke kaya.

Da Lawal ya dawo, tun daga bakin titi yake washe baki. Ya ce Inna ta sa an fito da ita zaure inda haske yake, ta kawo hoton dab da idonta, ta bi tabon da yatsa tun daga kunne har wuya, sannan ta ajiye shi a cinya.

"Wannan ne abin da take ɓoye min? Ni da na zaci ko hanci babu. Ka ce mata ta taho, ko in sa a ɗauko min ita a bayan tumatir."

A makon Rabi ta hau mota. Ke da 'yan'uwanki kuka zauna wajen Iya Sikira, abin da kika daɗe kina cewa an watsar da ku. Ta yi sauran daminar a Funtuwa tana jinyar Inna, kuma a hannunta Inna ta cika. Ba zan ɓoye miki ba, watannin da muka yi muna gaba daga cikin ɗan abin da ya rage wa Inna aka cire su, kuma Rabi ta gaya min haka da bakinta bayan ta dawo. Na karɓa. Amma har ta koma ga Allah ba ta taɓa cewa da ma na share ba, kuma ita da kanta ta juyo da madubin ɗaki, ita ta buga ƙusar da hoton ke rataye a kai.

Saboda haka in kin sake zuwa, ajiye wayar a jaka. Ki sauke hoton daga bango, ki kai shi bakin taga, ki kawo shi kusa da idonki yadda kakarki ta yi. Ki fara daga kunnen hagu ki gangaro. Za ki same shi duka, har inda ya ja gefen bakinta, babu abin da aka cire. Wanda wayarki ta yi ne ba shi da tabo, shi ya sa ban gane matar ba. Laushin da kike gani kuwa ba ni na zaɓa ba. Zoben Mai-hawaye yana nan a cikin akwati, kuma tun daga ranar ban ƙara juya shi ba, yana inda mamanku ta tsayar da shi.